Na Sa Hannu Ban Karanta Ba

A makarantarmu babu malamin da ya kai ni zafi a kan maganar nan, kuma kowa ya sani. Tun da yara suka gano akwai wata manhaja a waya, irin wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka jefa wa tambaya ta zubo maka shafi guda na amsa, na ɗaura ɗamara. Faransanci nake koyarwa a wani kwaleji a nan Damagaram, shekara goma sha tara ke nan. Yaron da bai iya haɗa jimla uku a allo ba, sai ga shi ya miƙo mini aikin gida sumul, babu kuskure ko ɗaya, da kalmomin da ni kaina sai na buɗe ƙamus. Ba na dogon bincike. In kira shi gaban aji, in ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya da jan biro, in ce ya gaya wa 'yan'uwansa ma'anarta. In ya tsaya kallon rufi, sifiri ne, har da wa'azi a kai. Ina ce musu duk wanda ya sa sunansa a kan abin da ba shi ya rubuta ba ya yi ƙarya, ko da abin da ke rubuce daidai ne. Sun ji wannan jimla daga bakina har sun haddace, na sha jin suna kwaikwayona a bakin famfo.

To, ni ɗin nan ce kuma na yi abin da zan ba da labarinsa.

Bara ni ke riƙe da ajin ƙarshe, masu zana jarrabawar BEPC, yara tamanin da 'yan kai. A ƙarshen rabin shekara na farko ana ba kowane yaro bultan, wato takardar sakamakonsa. Sama duk lambobi ne, makin lissafi, makin tarihi, da sauransu. Can ƙasa akwai ɗan fili na layi biyu, inda malamin da ke riƙe da aji ke faɗin ra'ayinsa a kan yaron, ya sa hannu. A da da biro muke cikewa. Yanzu sakatare ke shigarwa a ordinata, wato kwamfuta, ya buga, mu sa hannu kawai. Layi biyu sau tamanin ba ƙaramin aiki ba ne, musamman in mutum ya ƙarar da "zai iya fin haka" da "a ƙara himma" tun a yaro na ashirin.

Ba zan nemo wa kaina uzuri ba. Babu marar lafiya a gidana, ba a yi mana rasuwa ba. Gajiya ce kawai, da kuma direkta da ya ce ran Alhamis yake son ganin komai a teburinsa. Wani matashin mushe, wato malami, mai koyar da lissafi ya same ni a ɗakin malamai ranar Talata da rana, ina ta taunar biro. Ya yi dariya ya ce, "Madam, ke kaɗai kika rage kina wahalar da kanki. Ba manhajar nan sunaye da maki, ki ce ta rubuta wa kowa layi biyu. Kafin shayinki ya huce ta gama."

Na harare shi na ce da ni yake wannan magana? Ya ce ai wannan ba satar amsa ba ce, makin nawa ne, yaran nawa ne, ita jera kalmomi kawai za ta yi. Maganar ta kwanta mini, don da ma ina son ta kwanta. Na zuba mata sunayen yara da makinsu na gwaje-gwajen farkon shekara da na babbar jarrabawa, ban ko tsaya tunanin wa ya ba ni izinin kwasar sunayen 'ya'yan mutane in kai inda ban sani ba. Abin ya fito tsaf. Na karanta goma sha biyar na farko, na ga sun fi nawa daɗin ji, har na ɗan ji haushi. Sauran na tura wa sakatare yadda suke. Ranar Alhamis ya kawo mini tulin takardu, na riƙa ɗaga gefensu ina sa hannu, ina hira da wata malama a kan tsadar tumatir.

Aka raba bultan, aka tafi ɗan hutu na 'yan kwanaki, aka dawo. Yaro ɗaya bai dawo ba. Sai da na yi kwana uku ina kiran sunansa ana cewa ba ya nan kafin fuskarsa ta faɗo mini: dogo, siriri, mai zama a benci na ƙarshe kusa da taga, wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Ɗan wani ƙauye ne gaba da Damagaram Takaya, an kawo shi gari karatu, yana zaune a gidan wani dattijo a unguwar Birni. Abin da na sani game da shi ke nan, duka-duka.

Da aka yi sati biyu, direkta ya kira ni ya ce ƙarshen wata za a rufe jerin masu zana jarrabawa, kuma ba zai tura sunan wanda ba ya zuwa ba. In yaron bai dawo kafin nan ba, shekarar ta tafi. Ni da shi duk mun san ɗan ƙauyen da shekarar ƙarshe ta kuɓuce masa ba kasafai yake sake ganin allo ba.

Na hau kabu-kabu zuwa bakin Birni, sauran na taka da ƙafa, don yashin lungunan nan ba ya raga wa babur. Ni 'yar unguwar ce, can aka yanke mini cibiya, saboda haka tambaya biyu ta kai ni gidan. Dattijon baduku ne, Babarbare kamar iyayena, ya daɗe yana sayen fatu a hannun mahaifin yaron, ta nan sabo ya shiga. Matarsa ta tare ni a tsakar gida da gaisuwar Barebari, "Wushe, 'yata," ta shimfiɗa mini tabarma. Ta ƙofar ɗaki na hango dattijon kwance, hannu ɗaya a naɗe bisa ƙirji, baki ya ɗan karkace. Tun watan Nuwamba ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansu maza biyu duk suna nesa wurin aiki.

Tsohuwar ta ce, "Yaron nan shi ne hannunmu, shi ne ƙafarmu. Shi ke ɗaga shi, shi ke juya shi, shi ke yi masa abin da ba a faɗa. Litinin da Alhamis ya kai shi likita tun da sassafe, ya dawo da shi, sannan ya ruga lakwal wurin karatunsa. Na sha ce masa ya bari in nemi wani, sai ya ce shekara huɗu yana cin tuwon gidan nan."

Nan take na tuna sau nawa na tsayar da shi a bakin ƙofar aji saboda makara. Ban taɓa tambayarsa daga ina yake ba. Na ce, "To Iya, me ya hana shi dawowa?"

Ta dube ni da kyau. Ta ce, "Ni za ki tambaya? Mai motar ƙauyensu ya ce takardarki ce ta riƙe shi."

Ban koma gida ba, makaranta na nufa, na sa sakatare ya zaro mini kwafin bultan ɗinsa. Ga abin da ke cikin layi biyun, in an juya shi da Hausa: yaro ne mai ƙwaƙwalwa amma malalaci, ya yi sakaci da karatunsa, yana ɓata damar da aka ba shi. A ƙarƙashi ga sa hannuna, mai lanƙwasa ɗin nan da nake taƙamar babu yaron da ya isa ya kwaikwaya. Ina duban lambobin na ga ta inda maganar ta fito. A farkon shekara makinsa na sama, a babbar jarrabawa ya zube. Ita manhajar ta ga sama, ta ga ƙasa, sai ta cike tsakani da labarin da aka fi yawan bayarwa.

Na zauna a bencin bakin ofis, na rubuta wa manhajar na ce wa ya gaya mata yaron nan malalaci ne. Ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta ce gaskiyata ce, ba ta da hujja, daga maki ta yi hasashe. Sannan, ban ko tambaya ba, ta miƙo mini wani: ɗalibi mai himma da juriya, abin koyi ga 'yan'uwansa. Wannan ya fi na farkon ɓata mini rai. Ba ta san shi ba lokacin da ta zage shi, ba ta san shi ba yanzu da take yabonsa, kuma duka biyun da murya ɗaya ta faɗe su. Na so in jefar da wayar a rairayi, sai na tuna tawa ce. Da zuciyata ta ɗan sauka na ga babu wanda zan kama da faɗa. Lambobi kaɗai na ba ta, don lambobi kaɗai nake da su a kan yaron. Har yau ina aiki da ita, tana haɗa mini darasin gwaji na nahawu in bi layi-layi in gyara, kuma tana rage mini wahala, ba zan ɓoye ba. Amma tun ran nan sunan ɗan kowa bai sake shiga cikinta ta hannuna ba, kuma ban sake tambayarta halin mutum ba.

Direkta mutum ne mai son zaman lafiya. Ya ce, "Madam, kada ki mai da abin babba. A buga sabon bultan da magana mai daɗi, a ba mai mota ya kai, a ce kuskuren na'ura ne." Na yarda, don hanya ce mai sauƙi kuma ba ta taɓa mutuncina. Aka aika ran Laraba. Ran Juma'a mai motar ya dawo mini da ambulan ɗin, har da saƙon baki. Ya ce uban ya ce a gaya wa Malama, takarda biyu sun fito daga hannu ɗaya, ɗaya ta ce baƙi ɗaya ta ce fari. Shi bai yi boko ba, amma ya san ɗaya ƙarya ce. Ta farkon ba wanda ya roƙa aka rubuta ta, don haka ita ya riƙe.

Na ji kunya irin wadda na daɗe ban ji ba, kuma na ji mutumin ya burge ni. Saura kwana tara wata ya ƙare.

Da na gaya wa maigidana, sai da ya gama cin abincinsa tsaf sannan ya ce, "To Malama, ke da kike raba wa 'ya'yan mutane sifiri, nawa za ki ba kanki?" Ban yi dariya ba. Na ce gobe Asabar zan bi motar kasuwa in je ƙauyen. Ya ce in kira uban a waya mana, wannan hanya ba ta mai ciwon baya ba ce. Na ce mutumin da ya mayar da takarda, waya kashewa zai yi. Ya san ni, in na kafe ba a tanƙwara ni, sai ya kai ni tasha da kansa, yana ta mitar cewa taurin kai a gidanmu gado ne.

Mun bar gari da hantsi, a matse tsakanin buhunan gishiri da wata mata mai kaji. Watan Maris ne, zafi ya fara kankama. Gonaki duk a share suke, sai kututturen gero da rumbuna a bakin ƙauyuka. Bayan Damagaram Takaya motar ta sauka daga babbar hanya ta shiga yashi, sau biyu maza suka sauka turi. Ni dai ina ta maimaita abin da zan faɗa, kamar ɗalibar da za a tayar a gaban aji.

Mai motar ya sauke ni a ƙofar wani tsohon ma'aikacin asibiti da ya yi ritaya ya koma gida, wanda kowa ke kira majo. Shi ke karanta wa mutanen ƙauyen duk takardar da ta zo da Faransanci. Matarsa ta kawo mini ruwa da fura. Da na faɗi ko ni wace ce, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Ya ce, "Madam, ku a gari kuna ba yaro takarda ya kai gida, uba ya duba ya tura ƙarƙashin katifa. Mu nan ba haka muke yi ba. Yaranmu da ke karatu a gari ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma kowanensu gari ne ya sa masa hannu. Wani ya ba da tiyar gero, wani ya taya ubansa noma a madadinsa. Don haka in bultan ya zo, bayan la'asar ake taruwa gindin gawon can, in karanta kowa na ji. Lambobin ba wanda ya damu da su. Layi biyun nan na ƙasa ake jira, don ita ce maganar wanda ya ga yaro da idonsa."

Na tambaye shi ko ya karanta yadda yake.

Ya ce, "Na tsaya, na yi tari, na so in tausasa. Amma tun da nake ban taɓa karanta wa mutanen nan abin da ba shi ke rubuce ba. Yanzu ko yaran da ba su iya ɗaura wando ba malalacin lakwal suke ce masa."

Da na zo da niyyar in ga uban shi kaɗai a zaurensa, in ba shi haƙuri a hankali, in taho da yaro. Jin wannan ya rushe shirin. Na ce wa majo ya tara mini mutanen nan, su ɗin dai, a wurin nan dai. Ya ce, "Mace a gindin gawo, Madam?" Na ce ai a nan aka karanta sa hannuna, na riga na zo tun ran nan.

Bayan la'asar aka shimfiɗa mini tabarma a gefe, ɗan nesa da maza. Sun kai ashirin, ban da matan da ke leƙe ta saman danga. Uban yaron gajere ne, kakkaura, ya gaishe ni da girmamawa amma fuskarsa ba ta saki ba. Shi kuwa yaron daga kai taki gona aka kira shi. Ya ɗaure jaki, ya tsuguna can baya, bai ko ɗaga kai ya dube ni ba. Ya rame, ko kuwa da ma haka yake ban lura ba.

Uban ne ya fara. Ya ce, "Malama, da kin rubuta cewa kansa ba ya ja, da ban ce komai ba. Allah ke raba ƙwaƙwalwa, ni ma ban samu da yawa ba. Amma lalaci ba rabo ba ne. Shekara huɗu ina noma ba hannunsa, ƙannensa na ɗaukar nasa aikin, maƙwabta na taya ni. Na tambaye shi a gaban mutanen nan, ya ce ba shi da abin cewa. To mai lalacin karatu ya zo ya yi a inda nake ganinsa."

Majo ya so ya taimake ni. Ya ce, "An ce fa ordinata ce ta yi kuskure." Na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Duk wanda ke wurin na'ura ta taɓa ɓata masa suna a katin shaida ko ta cinye masa kati a waya, da na ce haka ne da kowa ya yarda, a tsine wa na'ura a watse. Wallahi na so in ce haka ne, har bakina ya buɗe. Sai na hango yaron a tsugune, na tuna ya sha jin wa'azina daga benci na ƙarshe.

Na ce, "A'a, Baba majo, ba haka aka yi ba. Akwai wani abu a waya da ke iya rubutu kamar mutum. Ni na ba shi makin yaranku, na ce ya faɗi halinsu. Bai taɓa ganin ɗanku ba, bai san ƙauyen nan ba. Ya faɗi abin da ya ga dama, ni kuma na sa hannu ban karanta ba."

Can wani tsoho mai sanda ya ce, "Wato kin ɗauko baƙon da bai san gari ba, kin ce ya ba da shaida."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Kuma kika rantse a kai. Don sa hannu ai rantsuwar 'yan boko ce."

Na ce haka ne. Majo ya girgiza kai ya ce da shi ya yi haka da allura, da yanzu yana ɗaure a kaso ake kai masa tuwo. Wasu suka yi dariya, ni kam gumi ke bin bayana. Shekara goma sha tara ni ke tsayar da mutane su amsa laifi, ban san haka abin yake ba sai ran nan.

Uban bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin taɓa ganinsa yana lalaci?"

Na ce a'a.

"Da makinsa ya faɗi, kin tambaye shi dalili?"

Na ce a'a, kuma wannan ta fi ta farkon nauyi a bakina. Sannan na faɗi abin da na tarar a Birni. Tun kafin in taho na nemi izinin tsohuwar, kuma ban wuce abin da ta yarda a faɗa ba: cewa mai masaukin yaron na kwance tun Nuwamba, cewa yaron ne ke jinyarsa, cewa shi ke kai shi likita sau biyu a sati kafin ya zo aji. Uban ya san abokinsa ba shi da lafiya, amma bai san ta kai haka ba. Ya juya, karo na farko ya dubi ɗansa.

"Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Me ya hana ka faɗa?"

Yaron yana kallon ƙasa ya ce, "Sirrin gidan mutum ne. Kuma kar a ce ina masa gori."

Na zaci an gama. Uban ya daɗe yana zane a rairayi da tsinke, sannan ya ɗago ya ce, "Malama, wannan da kika faɗa yanzu, ke kika gani, ko shi ma gaya miki aka yi?"

Wani daga gefe ya ce masa ya isa haka mana, baƙuwa ce. Na ce a bar shi, yana da gaskiyar tambaya. Na ce tsohon na gan shi kwance da idona. Maganar jinya matarsa ce ta gaya mini. Makarar Litinin da Alhamis kuwa ni na rubuta ta a littafina tun Nuwamba, kuma littafin na nan, babu rana ɗaya da ya ƙi zuwa gaba ɗaya sai bayan bultan.

Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro takardar farko, ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya miƙa wa majo, majo ya miƙo mini. Ya ce in juya bayanta in rubuta da hannuna, a nan gabansu, abin da na sani kaɗai, kada in ƙara masa gishiri. Na ɗora ta a gwiwa na rubuta. Ban taɓa shan wuyar jimla uku kamar ran nan ba, don duk kalmar yabo da ta zo sai in tambayi kaina ko na gani. Majo ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, yana juyawa da Hausa: ban san yaron nan yadda ya kamata ba. Abin da na sa wa hannu a gaban takardar nan ba gaskiya ba ne. Na san wata huɗu yana jinyar mai masaukinsa kuma bai fasa zuwa aji ba.

Uban ya karɓa ya ninke ya mayar aljihu. Bai ba ɗansa haƙuri ba, ban kuma sa ran zai yi a gaban mutane ba. Ya dai ce, ba tare da ya dube shi ba, "Tashi ka kwance jakin nan, ka haɗa kayanka. Motar safe za ku bi." Sai ya tura aka kamo zabi biyu, aka auno gyaɗa, ya ce a kai wa abokinsa, a ce masa yana nan tafe ran kasuwa mai zuwa.

Na kwana a ɗakin matar majo. Da safe muka shiga mota, ni a gaba kusa da taga, yaron a bayana da zabin a ƙafarsa. Ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba, har ina shirya yadda zan shiga ofishin direkta gobe in ajiye masa sunan a teburi saura kwana shida. Muka wuce Damagaram Takaya. Da motar ta tsaya ɗaukar wasu mata, na juya na ce masa ya yafe mini. Na ce da ya zo ya same ni tun ranar da aka raba bultan, da duk haka ba ta faru ba.

Ya ce, "Na karanta tun a bakin ƙofar lakwal, Madam."

Na ce to me ya hana shi dawowa ya ce mini ba haka ba ne?

Ya gyara igiyar ƙafar zabo. Ya ce, "Na ga kamar gaskiya ne. Wani lokaci in na gama da Baba na Birni, in na buɗe littafi sai barci ya ɗauke ni. Na ce tunda ke kika faɗa, ƙila haka nake."

Duk abin da aka gaya mini a gindin gawo bai soke ni kamar wannan ba. Na yi baƙin ciki, na kuma ji tsoro, don akwai sauran takardu sittin da wani abu da na sa wa hannu ban karanta ba, suna can a gidajen mutane. Na ce masa ba haka yake ba, na maimaita, har matar da ke shigowa ta tsaya tana kallonmu.

Ya ce, "To, Madam," da irin muryar da yara ke cewa to ga duk abin da malami ya faɗa.

Na juya na fuskanci hanya. Da muka hango duwatsun gari na ce masa gobe Litinin, in ya dawo daga likita, kada ya tsaya a bakin ƙofa, ya shigo kawai, kuma ya ɗauko jakarsa daga benci na ƙarshe ya dawo na gaba.